Kumfa Ba Ta Jiran Gaisuwa

Da sunan Allah na ɗauki wayar nan. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, don haka in kun ga na yi tuntuɓe ku kau da kai. Sunana Haulat. A Ƙofar Kwaya aka haife ni, a nan nake har yau, kuma wannan "har yau" ɗin shi ne ciwon Mama.

Na gaji. Bari in fara da wannan, tunda shi ne gaskiya. Kafaɗata ta dama ko mayafi na yafa sai ta amsa, kuma kwalbar bama ce ta yi mini haka. Ku bi ni a hankali, za ku gane.

Ni dai ba muni ne da ni ba, ba kuma baƙin hali ba. Baki ne babu. In saurayi ya zo zance sai in zauna in zuba wa zanen darduma ido, ya yi tambaya in ce "eh," ya sake wata in ce "a'a," har ya gaji ya ce bari ya gudu kada sallah ta wuce shi. Daga sallar nan ba ya dawowa. Haka suka yi ta zuwa suna zarcewa masallaci.

"Littafi ya cinye maki harshe," in ji Mama. "Ƙannenki na bayanki duk sun tahi, ke kina nan kina auren takarda."

Sai Allah ya kawo Muttaka. Injiniya ne, gidansu na GRA, dogo, mai sanyin magana, ba ya rabo da farar shadda. A shagon littattafai muka haɗu, ya karɓi lambata a hannun mai shagon. A waya kuwa, masu karatu, ni zakanya ce. In rubutu ne sai in cika masa allo. Wata rana na tambaye shi abin da ya fi kewa daga ƙasar da ya yi karatu.

"Kofi mai ƙanƙara," ya rubuto, "da wata farar kumfa mai sanyi da suke zubawa a samansa. Har mafarkinta nake, wallahi."

"Zan koya."

Ya turo fuskar dariya. "Kada ki wahalar da kanki, Haulat. Da gaske nake."

Na ɗauka kara ce irin ta mutanen kirki. Da Mama ta kama ni ina kallon bidiyon yadda ake yi, ta ji dalili, har tafi ta yi.

"Alhamdulillahi! In bakin ya ƙi, hannu shi yi magana."

Kumfar nan a ido kamar wasa. Na fara da madarar gari, ta tashi ta zube kafin in juya. Na koma ta gwangwani, ta yi manyan ƙwayoyi kamar ruwan wanki. Sai da na gano kirim ake sa wa, mai kauri, wanda sai a babban kanti can hanyar GRA ake samu. Kirim da yawa, madara kaɗan, sai abin zaƙi. Kuma komai sai ya yi sanyi ƙarara, har mazubin. A unguwarmu da wuta ke leƙowa kamar mai bin bashin gaisuwa, ina zan ga sanyi? Sai firjin maƙwabciyarmu Anti Hannatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, mai sola a kan rufi. Kullum ina hanyar gidanta da kula a hannu.

"Amaryar kumfa!" haka take tarbata. "Wannan yaron in bai aure ki ba, ni zan kai ƙararsa."

Ɗan injin kaɗawa da na sayo a Babbar Kasuwa bai yi sati biyu ba ya mutu. Na koma kwalbar bama, na wanke ta da ruwan zafi da lemun tsami har warin ya fita. A zuba, a rufe, a yi ta girgizawa sai hannu ya ƙage. Na yi mai vanila. Na dafa dabino da kirfa na tace, na yi mai ɗanɗanonsu, ita ce ta fi. Na yi mai na'a-na'a don shayi mai sanyi. Ranar da na gwada ɗanyar citta madarar ta tsinke a idona, na zauna a kan turmi na yi kuka na ƙoshi.

Amma na iya. Ranar da na fara zuba ta a kan baƙin kofi, ta zauna fara sol kamar auduga, tana zirara ƙasa a hankali tsakanin ƙanƙara, sai da na ce Masha Allah da ƙarfi ni kaɗai a kicin.

Abin da masu bidiyon ba su sani ba shi ne Katsina. Kumfar nan ranta gajere ne, balle a zafinmu. Gaisuwarmu kuwa doguwa ce.

Duk Asabar bayan la'asar Muttaka zai iso, a shigar da shi falon Baba. Mama ba ta yarda baƙo ya zauna ba ruwa, don haka yana zama tire na shiga. Ina ajiyewa sai ga Baba ya dawo daga masallaci. Muttaka ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Muttaka ne? Lahiya lau? Ya Alhaji? Ya ƙafar tashi? Ya Hajiya? Ya aiki? Ya zafin ga? Ya mutanen Abuja, ana jin su?"

Ni ina bakin ƙofa a tsugune, ina kallon kumfata tana mutuwa. Wane ɗan mutunci ne zai ɗaga tambulan a gaban surukinsa? Baba ya fita, sai kuma tamu gaisuwar, sai "Bismillah mana," sai "To, yanzu," sai "Don Allah ka sha." Kafin ya kai baki ta narke ta koma wani ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗumi. Ya shanye tas, ya ajiye, ya ce, "Masha Allah. Ya yi daɗi ƙwarai."

Ni kuwa sai in ji haushi ya buɗe mini baki. In ce ai ba haka take ba, da ka gan ta ɗazu. In shiga ba shi labarin kirfa da dabino, da abin da citta ta yi mini, da yadda Anti Hannatu ke tsokanata. Yana murmushi yana saurare har a kira magariba.

In ya tafi kuma sai tunani ya taso ni gaba. Na ɗanɗana abin da yake shanyewa, na san ba daɗi. Mutumin da zai sha wannan ya ce ya yi daɗi ƙwarai, to da ya ce mini "ina jin daɗin zuwa wurinki," wanne ne gaskiya? Sona yake, ko kunya ce ta hana shi zarcewa masallaci kamar sauran? Wannan tambayar ta fi kwalbar gajiyar da ni.

Ana nan sai ya rubuto cewa yayarsa Furera da gwaggonsu Hawwa za su zo ganina ranar Lahadi. Kun san ma'anar wannan. Abin da suka koma suka faɗa wa Hajiyarsu, shi zai sa magabata su zo ko kada su zo.

Mama ta tayar da gidan. Aka wanke labule, aka fito da kwanukan da ba a taɓa ci a ciki ba, turaren wuta tun hantsi har ido na yaji. Ta zaɓar mini atamfa ruwan ganye mai ɗinkin doguwar riga, da mayafi ruwan madara, ta shafe ni da humra har ina tari.

"Kuma ki yi masu kumfar nan. Kala biyu."

"Mama, in dai za a yi, sai kin gama gaisawa da su. Ki fara ba su ruwan gora. In kun gama ki kira sunana."

"Ke za ki koya mani tarbar baƙi?"

"Don Allah, Mama. Sau ɗaya dai wani ya gan ta da ranta."

Ta harare ni, ta ce to.

Suka iso bayan azahar, rana na dukan ƙasa, wuta kuwa tun jiya ba labari. Na leƙa ta tagar kicin. Gwaggo Hawwa tsohuwa ce 'yar firit da carbi a hannu da goro a kumatu. Yaya Furera doguwa kamar ƙaninta, cikin leshi ruwan toka da farin gilashi, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Na jera tambulan a tire, kofi biyu, shayi biyu, ƙanƙarar Anti Hannatu na ta zufa a kula. Don kada in yi aiki biyu, na juye kirim ɗin da nake da shi kaf a kwalba, da madara, da ruwan dabino da kirfa. Na rufe. Na laɓe bayan ƙofa ina saurare.

"Kun zo lahiya? Ya hanya? Ya rana? Ya Hajiya? Ya Alhaji da ƙafa? Ya yara? Ya jikoki?"

"Lahiya lau. Ya Malam? Ya ɗiya? Ya muka ji da zafi?"

Aka yi ta yi. Can na ji Mama ta ce, "To madalla, madalla." Na ce an zo ƙarshe. Na fara girgiza kwalba da hannu biyu, ta yi kauri, ta taso har wuya, fara tas. Ban taɓa yin mai kyanta ba. Na kai hannu zan buɗe ke nan sai na ji muryar Gwaggo.

"Af! Ashe kuma Hajiya Babba ta Rafindadi lokaci ya yi. An ce mani 'yar uwarku ce."

"Ƙanwar kakata ce."

"Allahu akbar! Ya haƙuri? Allah shi jiƙanta. Ashe ke jinin gidan Malam Sada ce! To ai sai mu sake gaisawa."

Suka sake, masu karatu. Wallahi suka sake daga farko.

Na tsaya da kwalba a hannu. In na ajiye, zafin kicin zai kashe ta, ba firji, ba sauran kirim. Raina ya ce ci gaba da motsa ta, kada ki bari ta kwanta. Na ci gaba. Suka bi gidan Malam Sada ɗaki-ɗaki, wa ya auri wa, wa ya koma Funtuwa, wa ya rasu a Makka. Gumi na bin bayana, humra ta koma wani abu daban, kafaɗata kamar ana soka mini allura. Ina girgizawa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Har na daina jin motsin komai a kwalbar, ban tsaya ba. Sai kuma na ji wani sabon sauti, ƙwal, ƙwal, kamar an jefa dutse a rijiya.

"Haulat!" Mama ta ƙwala kira, da muryarta ta baƙi. "Kawo masu abin nan. Yanzu za ku ga ikon Allah, Hajiya, wata kumfa ce take yi, ko a Turai sai haka."

Na buɗe murfi. Wani dunƙule ne rawaya yake iyo a cikin tsararon ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana ta kaɗa nono ya san sunansa. Man shanu na yi. Man shanu mai ƙamshin kirfa.

Na so in yi kuka, hawayen ma suka ce sun gaji. Na so in haura katanga in faɗa gidan Anti Hannatu. Amma akwai inda gajiya ke kaiwa ta fi ƙarfin tsoro. Na tsame man da cokali na sa a ɗan faranti, na ɗora a tire kusa da baƙin kofi da shayi, na gyara mayafi na yi sallama.

Na durƙusa na gaishe su. Mama ta leƙa tire, ta dube ni, ta sake leƙa tire.

"Ina kumfar?"

"Ga ta nan," na ce, na nuna farantin. Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin ya ba ni mamaki. "Tun da kuka gama 'ya jikoki' ta yi. Na yi ta kaɗa ta don ta jira ku, kuka tafi Rafindadi. Kafin ku dawo ta zama mai."

Idon Mama ya ce mini abubuwa da yawa. Sai Gwaggo Hawwa ta sa ɗan yatsa ta lakato, ta ɗanɗana, ta kwashe da dariya har goro na faɗowa.

"Aradu man shanu ne! Yo ke ɗiyar nan, wa ya ce maki ana yi ma gaisuwa gaggawa? An ce mana ba ki magana, ashe ƙarya ake maki."

Na fara jin sanyi a raina. Sai na lura Yaya Furera ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki tambulan ɗaya ta shinshina, ta cire gilashinta.

"Wannan kofi ne?"

"Eh, Yaya."

"Wa kike ba kofi a gidan nan?"

"Shi... Muttaka. Duk Asabar. Ya ce yana kewarsa."

"Yana kewarsa mana, tunda likita ya raba su!" Ta ajiye tambulan da ƙarfi har ƙanƙarar ta yi ƙara. "Olsa gare shi, mai tsanani. Tun dawowarsa aka hana shi kofi, ko yaji ba a sa masa a miya. Ashe ke ce. Duk ranar da ya zo gidan nan sai ya koma yana riƙe da ciki, ya kwana yana juyi, a tambaye shi ya ce ba komai. Sau biyu ana kai shi asibiti."

Na sunkuyar da kai ƙasa.

"Bari in faɗa maku gaskiya, Mama," ta ci gaba, ta juya ga mahaifiyata. "Mu ba ganin yarinya kaɗai ya kawo mu ba. Hajiya ta ce mu zo mu gano abin da ake ba ɗanta a Ƙofar Kwaya. Mutum na ciwo, ana hana shi zuwa yana ƙi, ai dole a yi tunani."

Mama ta dafe ƙirji. "A gidana? Ni za a ce na ba ɗan mutane wani abu? Innalillahi! Gidan Malam?"

"Ba a ce ba, Hajiya," in ji Gwaggo, "tambaya aka yi. Ke kuma Furera ki rage wuta." Ta jawo leda daga jakarta, ta juye man shanun a ciki ta ƙulle. "Wanga ni za ni da shi. In kai ma Hajiya ta ga asirin da idonta. In ba ta so, in sa ma tuwona."

Ban san ko taimakona ta yi ko shaida ta ɗauka ba. Sallamar tasu dai ba ta kai rabin gaisuwar ba.

Mama ta dawo daga rakiya ta zauna a bakin gado, ta cire ɗankwali ta riƙe a hannu. Na fi son ta yi faɗa. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana.

"Waɗancan kin kore su da shiru. Wanga kin kusa kashe shi da hidima. Ni ban san kuma mi zan ce maki ba, Haulat."

Na shiga ɗaki na kwanta da atamfar a jikina. Kafaɗata na zogi. Na ɗauki waya da hannun hagu.

"Kana da olsa."

Ya karanta. Yana rubutu, ya tsaya. Yana rubutu, ya tsaya.

"Yaya ta faɗa miki."

"Zan tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni amsa ba kara a ciki. Kunya ce take sa ka shanye? In kunya ce take kawo ka gidanmu, na yafe maka. Ka huta, ni ma in huta."

Na kifa wayar a ƙirji ina kallon silin, ina jin Mama na kwashe kwanukan baƙi tana mayarwa kabad ɗaya bayan ɗaya. Sai wayar ta yi ƙara.

"Zuwana na farko ko ɗagowa ba ki yi ba. Na koma gida ban san kalar idonki ba. Ranar da kika fara kawo kofin nan kika yi mini faɗa a kan kumfa, kika ba ni labarin citta har aka kira sallah. In na ce miki ba na sha, da me za ki riƙa fitowa?"

Na karanta, na sake karantawa. Hawayen da suka ƙi zuwa a kicin sai yanzu suka ga dama. Kafin in sami abin rubutawa wani saƙon ya shigo.

"Yaya ta kira, ta ce Hajiya na nemana yanzu-yanzu. Na san abin da za ta ce. Gara in ji naki kafin nata. Ina zaurenku. Kada ki kawo komai."

Na miƙe. Ban sake hoda ba, ban duba madubi ba, mayafin ma a karkace na yafa shi. A tsakar gida Mama ta tare ni, ashe ta ji tsayuwar motarsa. Har ta ɗora ruwan gora da tambulan a tire, ta miƙo mini, idonta jawur.

"Ungo. Ko mi ya faru, baƙo ba ya zama ba ruwa."

"Ya ce kada in kawo komai, Mama."

"To ki riƙe mi a hannunki?"

Na wuce ta. Tsakanin ƙofar tsakar gida da zaure ba nisa, amma ban taɓa sanin hannu biyu na da nauyi haka ba in ba su ɗauke da komai. Na sa su a gaba, na mayar baya, na damƙe bakin mayafi.

Yana tsaye jikin bango cikin farar shadda, ya ɗan rame, yau na lura. Ya gan ni ya gyara tsayuwa.

"Ina wuni, Haulat? Ya gida? Ya su Ma..."

"Bar gaisuwar nan, Muttaka," na ce. "Yau ta gama da ni. Zauna, ina da magana."

Ya zauna a kan dakalin zaure. Ko kalma ɗaya ban tanada ba. Sai wayarsa ta fara ruri a hannunsa, daga inda nake ina hango sunan: Hajiya. Ya dube ta, ya dube ni. Ya kifa ta a kan dakalin tana ta kuka.

"Ina jin ki," ya ce.